Kwashe mangazar gidanmu

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Yau na buɗe mangaza, ɗakin ajiyar gidanmu. Sai da aka ɗiga wa kwaɗon man gyaɗa kafin makulli ya juya, don rabon da a shiga ɗakin tun bayan ruwan ƙarshen watan Agusta 2024, wanda ya rusa gidaje a Maradi har ya ci rayuka. Mu Allah ya tsare, bangon gabas ne kawai ya tsage, ruwa ya kwanta a ƙasan ɗakin. Muka leƙa muka ce sai rani. Rani ya zo ya wuce, wata damina ta ƙara nata. Yanzu magini ya ce ba zai taɓa bangon ba sai ɗakin ya zama wayam, ya ba ni zuwa farkon Disamba.

Ɗakin bai fi taku biyar ba, amma ga abin da idona ya fara gani: adaka biyu na Inna, Allah ya jiƙanta, langa da kwalla da tasoshi, na jerena da nata, firigon da ya mutu shekara shida, tele irin ta da mai ƙaton baya, rediyo uku, fanka marar kai, batirin hasken rana biyu, fasassun bokitai, kwalayen kayen yara, wato littattafan rubutunsu, tun na ajin farko, takalma wari-wari, da buhu biyu maƙil da leda.

In aka cire na Inna, tsoro ne ya tara sauran. Na tashi a gidan da ko ƙwayar hatsi ta faɗi sai an tsince ta, an kuma karanta mana ayar Suratul Isra'i da ta kira masu almubazzaranci ƴan'uwan shaiɗanu. Da na girma wani tsoron ya hau kan wannan. Duk sanda na wuce bolar bakin unguwarmu na ga awaki na taunar leda, hayaƙi na tashi har cikin gidajen mutane, sai in ji ba zan iya ƙara ko tsinke a wurin ba. Shi ya sa duk abin da ya lalace sai in ce wa yara a kai mangaza.

Na ɗaukar wa kaina alkawari biyu: ba abin da zai shiga kwata, kuma ba zan ƙona roba ko leda da hannuna ba. Zan riƙa rubuta abin da aka yi don kada in bari a hanya.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Adaka ta farko lafiyarta lau. Ta biyun, wadda ke jingine da bangon da ya tsage, ita ta zaunar da ni a ƙasa. Gara ta shiga ta gindinta. Turmin atamfa bakwai ne Inna ba ta kai wa tela ba, huɗu sun zama gari daga tsakiya. Daga sama ninkin na nan kamar jiya aka saya, ina ɗagawa sai ƙasa ta zubo mini a cinya. A can ƙasa akwai baƙin saƙi, rinin baba, wanda ta ce na kakarmu ne tun daga Tsibiri. Hunhuna ta cinye gefe guda.

Shekara uku ke nan da rasuwarta. A cikin shekarun nan mata nawa suka shigo gidan nan da zane ɗaya a jikinsu? Yarinyar da ke taya ni aiki ta yi aure bara, da zane biyu ta tafi ɗakin miji. Ni kuwa ina riƙe da makullin turmi bakwai, ina ganin tattali nake yi. Almubazzarancin da nake gudu na yi shi, a hankali, a cikin ɗaki mai duhu. Na yi kuka, ban ƙara taɓa komai ba yau.

Asabar, 11 ga Oktoba

Saura kaɗan in gyara kuskure da wani kuskuren. Na yi niyyar rabar da turmi ukun da suka tsira a ranar Juma'a, ladan ya je wa Inna. Da na faɗa wa malamarmu ta islamiyya, sai ta tambaye ni: "Hajiya, an raba adakar a gado?" Ba a raba ba. Da Inna ta rasu an raba gona da dabbobi, kayan ɗaki kuma aka bar su a hannuna ajiya, don ni ce babba a mata. Malama ta ce abin da mamaci ya bari na magada ne ko da allura ce, ba ni da ikon yin sadaka da rabon wani sai ya yarda da bakinsa.

Mu biyar ne, maza biyu mata uku. Na shimfiɗa tabarma na baje komai, ɗiyata ta ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya muka tura ta WhatsApp, har da atamfar da gara ta ci, don ban ga dalilin ɓoye laifina ba. Yayanmu na Yamai ya turo murya nan take: "Ki yi abin da ya dace, ni na yafe nawa, Allah ya kai mata ladan." Ƙanwata ta Tasawa ta ce saƙin kaka take so, ko a yage yake. Auta ta zo da kanta ta ɗauki tasa biyu da carbin Inna. Ƙanenmu da ke Katsina ya ga hotunan bai ce komai ba. Na mayar da kayan Inna cikin adaka mai lafiya, na ɗora ta a kan bulo huɗu a ɗakina, sai ya yi magana.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na koma kan nawa, waɗanda ba sai na tambayi kowa ba. Na aika aka kira dillaliyar unguwarmu, tsohuwar da ta san cikin kowane gida. Ta zauna ta riƙa ɗaga langa tana ƙwanƙwasawa da zobe tana saurare. Ta ce: "Ɗiyata, wagga langa ƴammatan birni ba su sonta yanzu, kula da tangaran suka sani. Amma matan ƙauye na tambaya ran kasuwa, mai aurar da ɗiya ba ta ƙin ta."

Ta koya mini abin da ban lura da shi ba. Langar da fentinta ya ɓare ta waje ba komai, tana sayuwa. Wadda ta ɓare ta ciki har tsatsa ta kama, ba ta abinci ba ce kuma, kada in sayar wa kowa da sunan kwanon tuwo. Waɗannan mun ware su: biyu sun zama na ruwan kaji, ɗaya ta toka, sauran suna jiran masu ƙarfe. Ta tafi da guda ashirin da uku a cikin ƙaton kwando, za ta gwada kasuwar Litinin da ta Juma'a, ta cire la'adarta ta kawo mini saura. Shekara ashirin da biyu jeren nan yana hannuna, ban ci abinci a ko kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Makon ƙarfe, kuma shi ne mafi sauƙi a zuciya, don ƙarfe yana da mai so. Ƴan gwangwan sun zo da baro da sikelinsu na rataye. Maigida ya ce kada in bari a auna a haɗe, baƙin ƙarfe kuɗinsa daban, alminiyam ya fi shi, jan ƙarfen cikin waya ya fi su duka. Na ba su baƙin ƙarfen: ƙafafun gado, jikin fanka, langa mai tsatsa, kwanon rufin da ya ɓule.

Wayoyin ne na hana su. Na san yadda ake fitar da jan ƙarfe, ana tara wayar a cinna mata wuta a bayan gari, yaran na tsaye cikin baƙin hayaƙin. Ni da ɗana muka zauna da wuƙa bayan la'asar muka feɗe su. Ya ci mana yini biyu, ya kuma bar mini tulin ɓawon roba da zan san yadda zan yi da shi, amma yaron da ya saya ya karɓi jan ƙarfe tsabtatacce.

Alminiyam kuwa na kai shi da kaina wurin maƙerin tukwane: tsofaffin tukwane masu huji, marafai, butar shayi, ludaya. Na tsaya na ga aikin. Yana danna yashi mai laima a cikin akwatin katako a jikin tukunyar gwaji, ya zare ta, ya bar siffarta. Yaronsa na juya ƙafar keke tana hura gawayi, ƙarfen ya narke ya zama kamar ruwa, a kwarara ta ƴar ƙofa. Kafin in gama gaisawa da matar da ke sayar da gyaɗa a gefe, an fasa yashin, ga tukunya. Na cika masa kuɗin aiki na dawo da sabuwa mai cin tiya guda. Tuwon daren yau a cikinta aka tuƙa.

Firigo: mai gyara ya ce injin ya ƙone, gyaransa ya kusa kuɗin wani na hannu. Ya cire injin, maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta ɗauki gangar jikin, ta kwantar da shi ya zama akwatin riƙe sanyi. Tele ma mai gyaran ya karɓa, zai ciri abin da zai cira.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Wannan sai na rubuta shi ko da ba daɗi. Ranar Laraba na cika buhu da tsofaffin tufafin yara da takalma na ba almajiran da ke zuwa ƙofarmu. Ban duba ba, na dai kwashe na zuba, na ji daɗi ɗakin ya ragu. Ranar Alhamis da safe ina wucewa ta bola sai ga rigar lekol ɗin ɗana a kai, da wandon da gwiwarsa ta fita, da takalman nan wari-wari. Yaran sun zaɓi abin da za su iya sawa, sun zubar da saura. Ba su yi laifi ba. Ni ce na ɗora musu kai sharar da na kasa kaiwa da kaina, na kuma kira ta sadaka.

Na sani tun ina yarinya, a ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 267, an hana mu nufin mummunan abu mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Ban taɓa kawo ayar kusa da buhun tsumma ba sai ranar.

Na sake zama a kan sauran tufafin. Duk rigar da zan ji kunyar ganin ɗana da ita a masallacin Juma'a ba ta shiga buhun kyauta. Masu kyau an wanke, an sa maɓalli inda ya fita, an goge, an ninke. Masu ɗan yagewa tela ya ɗinke su, dala ashirin ashirin. Tsumma na gaske shi ma ya sami wurin zuwa: mai gyaran moto na bakin titi ya karɓi rabi don goge hannu, na cusa matashi biyu, na ɗinka gammo da abin sauke tukunya. Atamfar Inna da gara ta ci tana nan, ba tawa ba ce tukuna.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ba a yi komai ba wannan makon, zazzaɓi ya kwantar da ƙaramar. Mun dai yi magana da maigida kan rediyo. Na ce duka ukun su tafi. Ya ɗauki babbar ya ce ta mahaifinsa ce, a jikinta suka zauna suna sauraren taron ƙasa na 1991 a Muryar Sahel, shi yana saurayi. Ban san wannan ba sai yau. Ta koma ɗakinsa, an goge ta. Biyun sun tafi wurin mai gyara.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Takardu. Kwali shida, kuma ba wanda za a iya kwashewa gaba ɗaya, sai an bi ganye ganye. A tsakiyar wani kayen lissafi muka tsinci takardar haihuwar ɗana ta asali, wadda muka sha wahalar nema lokacin jarrabawa. A wani kwalin ga takardar filin maigida. Da na ba mai ƙosai kwalayen yadda na fara tunani, da an naɗe wa wani ƙosai a ciki.

Abu na biyu da ya hana ni ba masu soye-soye shi ne ayoyi. Kayen islamiyya da na lekol sun cakuɗe, ga kuma yagaggun juzu'ai da takardun addu'a. Waɗannan mun ware su daban. Malama ta ce a ƙona su a wuri mai tsarki a binne tokar, ta tuna mini cewa Sayyidina Usman ma ya sa an ƙona sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa mushafi guda. Haka muka yi, a cikin sabon kasko, muka binne a gindin dogon yaro. Shafukan da ba a rubuta komai ba ɗiyata ta yanke su ta ɗinke da zare, an sami kaye tara na gwaji. Sauran takarda zalla ina tada wuta da ita kaɗan kaɗan.

Da daddare ƙanenmu na Katsina ya kira. Ashe ba fushi yake ba, ya ce ya kasa kallon hotunan ne. Ya roƙi in ajiye masa mayafin da Inna ke salla da shi, saura ya yafe.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na bar leda a ƙarshe don na san ita ce ba ta da mai so.

Roba mai tauri ta sami hanya. Akwai mai yawo yana sayen fasassun bokitai da kujeru da takalman roba, ya ce Kano ake kai su a niƙa a sake narkawa. Ya kwashe har da takalman da suka rage. Jarkoki masu lafiya ba su kwana ba, masu ga-ruwa da mai sayar da man gyaɗa sun raba.

Leda fa? Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ke da dokar da ta hana ƙera irin wannan siririyar ledar, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita. Shekara goma sha ɗaya ke nan. A yau in ka sayi tumatir na dala goma a leda za a ba ka, albasa a wata, tattasai a wata. Ba na zargin mai tumatir, ni ce ke miƙa hannu in karɓa. Garin da ake alfahari da jar akuyarsa har a ƙasashen waje, a nan ne mahauta ke fasa tumbi su ciro dunƙulen leda kamar ƙwallo. Na gani da idona a ragon layyarmu na bara, wanda ya yi ta ci ba ya ƙiba. Dabba ba ta iya narkar da ita, sai ta taru ta cika cikin, ta rame tana kiwo. In damina ta zo kuma ledar ce ke toshe kwata, ruwan ya rasa hanya ya nufi bangon mutane. Ban ce ita kaɗai ta tsaga bangonmu ba, amma na ga abin da aka ciro daga kwatar layinmu bayan ruwan.

Muka zazzage buhu biyun a tsakar gida. Masu kauri da tsabta mai gawayi da mai kayan miya sun karɓa da murna, za su sake zuba kaya a ciki. Ledar ruwan sha, wani dattijo mai renon itatuwa ya ce in kawo duk abin da na samu, yana yanke bakin ya cika da ƙasa ya shuka iri. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai. Amma fiye da rabi zafi ya riga ya cinye ta. Ana taɓawa tana ɓarɓashewa, iska na ɗauka, kaji na bi suna tsattsaga. Na ajiye ta shekaru don kada ta shiga cikin dabba, ga ta tana shiga cikin kajina a gabana.

Na danna ta a buhu ɗaya tare da ɓawon wayar nan, na ɗinke bakin da basilla. Na biya mai amalanke ya kai babbar bolar da ake kwashewa, na hau kabu-kabu na bi shi a baya, don na san wasu in sun sha kwana sai su juye a kwari, ruwa ya kai gulbi. Ya sauke a inda ya dace. Na san mai yiwuwa wani ya cinna wa wurin wuta gobe. Alkawarina na kada in ƙona da hannuna ya tsaya, amma ban dawo gida da farin ciki ba. Abin da na iya shi ne na rataye kwando a bakin ƙofa, na kuma ce wa yara duk wanda aka aika sayen ƙosai ko awara ya ɗauki kwano mai marfi, kamar yadda Inna ke aikenmu.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Batirin hasken rana ban ba ƴan gwangwan ba, duk da sun yi tayi mai kyau. A cikinsa akwai dalma da ruwan batir mai ƙuna, kuma na sha ganin ana fasa shi a zubar da ruwan a ƙasa inda yara ke wasa. Duk wanda ya ji labarin Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, ba zai yi wasa da ita ba. Maigida ya kai su a rufe wurin mai sayar da batir, ya karɓa ya rage mana a kuɗin sabo.

Ragowar magunguna, sirop da ƙwayoyin da suka wuce lokaci, na kai farmasi, mai wurin ya karɓa ya ce zai haɗa da nasu. Ƙananan batiran tocila da na rediyo ne suka gagara, kusan cikin kwano guda, wasu sun fara zubar da farin gari. Ba mai saye. Na zuba su a jarka mai marfi na ɗaure.

Asabar, 6 ga Disamba

Magini ya zo da yaransa, sun fara sare bangon. Da aka share ɗakin sai ga wata ƴar taga a arewa da na manta akwai ta.

Dillaliya ta kawo kuɗin langa, saura huɗu ba su sayu ba, na bar mata. Turmi ukun Inna sun tafi da yardar kowa: ɗaya ga yarinyar da ta yi aure bara, biyu ga wasu zawarawa a layinmu. Abin da ya tsira daga huɗun da gara ta ci, tela ya fitar da ɗankwali shida da zanen goyo ɗaya. Kuɗin tasoshinta mun haɗa mun sayi barguna, don sanyi ya sauka sosai, aka kai makarantar allon da yaran nan suke. Sababbi ne, na duba kowanne da hannuna.

Jiya na je biki, aka raba bokitin roba da kofi da faranti. Na karɓa don kada uwar amarya ta ji ba daɗi, amma ban shiga da su gida ba. Na tsaya wurin mai kokon bakin layi na tambaye ta ko tana buƙata, ta ce bokitinta ya tsage tun makon jiya.

Saura abu uku. Saƙin kaka yana ƙunshe, ranar Litinin zan kai tasha a ba direban Tasawa, mayafin salla kuma sai ƙanenmu ya zo da kansa. Jarkar batir tana saman katanga inda hannun yara ba ya kai, na ce wa maigida ya tambaya a ma'aikatar magajin gari ko akwai inda ake karɓar irinsu.